Agogon masallacinmu yana ja da baya, zafi ne?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni ne ladanin wani ƙaramin masallaci a Daura. Tun shigowar bazara agogon bangonmu yake ja da baya, kusan minti 5 duk mako, har an fara yi mini ƙorafin kiran Asuba. A fuskarsa an rubuta Quartz. Wani ɗalibi ya ce mini dutse ne a cikinsa, kuma zafi ne ke sa shi kasala. Haka ne?

AMSA: Wa alaikumus salam Malam Ladan, Allah ya ƙara lada. Ɗalibin ya yi gaskiya a kan dutsen, amma a batun zafi ya ɗora wa mara laifi.

Idan ka buɗe baƙin akwatin da ke bayan agogon, kusa da naɗin wayar jan ƙarfe za ka ga wani ɗan gwangwani fari, bai fi ƙwayar shinkafa ba. Mu masu gyara kiristal muke ce masa. Na taɓa yanka ɗaya a shagona nan Katsina, don ƙwaƙwa kawai. Abin da na tarar a ciki ɗan siririn dutse ne mai ƙafa biyu kamar gwafa, sai da na sa gilashin ƙara girma na gan shi sosai. Asalinsa ɗaya da yashi.

Halinsa shi ne abin mamaki. In an matsa shi yakan fitar da ɗan lantarki, in an ba shi lantarki kuma sai ya lanƙwashe. Wasu 'yan'uwa biyu a Faransa, Jacques da Pierre Curie, su suka gano fitar lantarkin a 1880. To ka tuna yaro a kan lilo: ka tura shi, ya tafi, ya dawo, ka sake turawa. Haka da'irar lantarkin da ke cikin agogon take yi. Ta ba dutsen ɗan lantarki, ya girgiza, ya maido mata nasa, ta ƙara masa ƙarfi ta mayar. Shi kuwa ba ya karɓar kowane kiɗa sai nasa, wanda girmansa da yankansa suka ɗora masa: girgiza 32,768 a daƙiƙa ɗaya. Wannan adadi ba kara-zube aka zaɓe shi ba. Raba shi biyu, ka sake rabawa, har sau 15, zai koma 1 cif. Wannan bugu ɗayan ne ke zuwa naɗin waya, ya juya ɗan maganaɗisu, hannun daƙiƙa ya matsa, ka ji "tik". Kamfanin Seiko na Japan ne ya fara sayar da agogon hannu mai wannan tsari a 1969.

Zafi yana taɓa shi, ba musu. Ana yanka shi ne ya daidaita a wajen digiri 25, kuma ko sama aka yi ko ƙasa, sassautawa yake. Amma ko a zafin Afrilu na digiri 40, abin da zai rasa bai kai daƙiƙa ɗaya a yini ba. Naka kuwa yana zubar da fiye da daƙiƙa 40 kullum. Ɓarawon yana wani wuri.

Batir nake fara zargi. In ƙarfinsa ya ragu, kiristal yana nan yana ƙirgarsa daidai, hannun agogon ne ke kasa hawa. Tsaya gabansa ka zuba wa hannun daƙiƙa ido lokacin da yake hawowa daga 6 zuwa 12. In ka ga yana rawa a wajen 9 kamar tsoho a kan matakala, ka kama shi. Sa sabon batir mai kyau, ka kankare tsatsar bakin ƙarfen da yake taɓawa. Ka duba kuma ko hannuwan suna gogar juna ko gilashi. Sai ƙurar hunturun da ya wuce, wadda kan cushe haƙoran robar da ke ciki.

Don Allah kada a ɗiga masa man keken ɗinki, ƙura yake ƙara kamawa. In duk an yi wannan bai daina ba, kai shi wurin mai gyara a kasuwar Daura ya sauya injin gaba ɗaya, fuskar da hannuwan su zauna yadda suke.