Kafin ka ɗaga kyamara a gaban malaman Buda

Ɗana, saƙonka ya iso. Ka ce za ku Laos da Tailan kai da iyalinka, kana son ɗaukar hotunan malaman addinin Buda, masu mayafin nan ruwan goro, shi ne kake tambaya ko al'adarsu ta yarda. Ta yarda. Amma yawancin abin da ke ɓata musu rai ba hoton ba ne, inda mai hoton ya tsaya ne.

Abin da baƙi ke rububi a kai shi ne zagayen karɓar sadaka na sassafe a Luang Prabang ta ƙasar Laos, garin da hukumar UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 1995. "Tak bat" suke ce masa. Ana farawa wajen 5:30 lokacin zafi, 6:00 lokacin sanyi, ka ga kana idar da asuba sai ka fita. A jere suke tafiya, ba takalmi, ba magana, manya a gaba, yara masu koyo a baya, kowa da kwanonsa rataye a kafaɗa. Mutanen gari kuma suna zaune ƙasa-ƙasa a bakin hanya suna saka musu loma-loma ta shinkafa mai danƙo.

Kada ka kalli abin da idon barar almajirai. Malamin ba ya roƙo, ba ya kuma godiya, don a wurinsu mai bayarwa ne ya ci riba, lada yake nema. Ibada suke yi, su da masu ba su. To ka auna da yadda za ka ji in baƙo ya tura maka kyamara a fuska kana tsakiyar sujada.

Saboda haka ka tsallaka ɗaya gefen titi, ka bar aƙalla mita 5 tsakaninku, ka tsuguna. Kanka kada ya fi nasu tsawo, don haka babu hawa kan mota ko katanga. Kada ka ratsa sahunsu, kada ka bi su a baya. Titin Sisavangvong ya cika da 'yan yawon buɗe ido. Lungunan gefe sun fi natsuwa, hoton ma ya fi kyau. Masu talla za su tare ka da kwandon shinkafa wai ka ba da sadaka. Ka ba su haƙuri, kai kallo ya kawo ka.

Filashi kuwa a kashe shi tun daga masauki, da ɗan jan hasken da kyamara ke haskawa in tana neman saiti, da ƙarar dannawa. Da yake gari bai gama wayewa ba, ka kai ISO, wato ƙarfin jin hasken kyamara, 1600 zuwa 3200, buɗin ido f/2.8 in kana da shi, saurin ɗauka 1/250 na daƙiƙa. In ka yi ƙasa da haka sosai, ƙafafunsu za su fito a dishe don tafiya suke yi. Gilashi mai jawo nesa, irin 70-200mm, shi ke hana ka kutsawa. Launin mayafin yana cika kyamara har ninkin yadin ya ɓace, sai ka ɗan rage haske. Tsarin dare na waya ba ya yi da mai motsi, inuwa kawai za ka samu. Kuma in ka fito daga ɗaki mai na'urar sanyaya, raɓa za ta rufe gilashin. Ka bar kyamarar a rufe cikin jaka kamar minti 20 kafin ka ciro ta.

Ka ja kunnen iyalinka: mace ba ta taɓa malamin Buda, ko gefen mayafinsa, ba ta zama kusa da shi a mota, ba ta miƙa masa abu hannu da hannu. A Tailan ƙyalle yake shimfiɗawa ta ɗora masa a kai.

A gidan ibadarsu, wanda suke kira "wat", a cire takalmi, a rufe kafaɗu da gwiwoyi, kada a miƙe ƙafa tana fuskantar malami ko mutum-mutumin Buda. Wannan ba wasa ba ne a ƙasashen nan: a Siri Lanka, a 2012, kotu ta yanke wa Faransawa 3 hukunci kan hoton da suka yi kamar suna sumbatar mutum-mutumin.

Hotunan da suka fi armashi ba na sahu ba ne, na shara da karatu da shanyar mayafi ne a tsakar gida. Waɗannan sai da izini: ka nuna kyamara, ka ɗan rusuna, ka jira a gyaɗa kai. In yaro ne, babban malaminsa za ka tambaya. Ɗakin kwana da wurin wanka, ko an bar ƙofa a buɗe, ba naka ba ne. Kada ka je ana dab da cin abinci, domin ba sa ci bayan rana ta take, lokacinsu ƙurarre ne. Kada kuma ka cusa wa malami kuɗi don ya tsaya maka. Cikin dokokinsu 227 akwai hanin karɓar kuɗi, akwatin gudummawa yana nan a bakin ƙofa.

In kun isa Chiang Mai a Tailan, ka je Wat Chedi Luang. Akwai teburan da matasan malamai ke zama su yi hira da baƙi don goge Turancinsu. Ka zauna ku yi rabin awa, sannan ka nemi hoto, in ka ɗauka ka juya allon ka nuna masa.