Yadda za ka gane fannin binciken malami kafin ka nemi ya duba maka memuwar

Ƙanena, tambayarka ita ce yadda za ka san abin da malaman Jami'ar Abdou Moumouni ke bincike a kai kafin ka zaɓi mai duba maka memuwar, wato rubutun binciken kammala mastar.

Kada ka tsaya kan darasin da malami ke koyarwa, domin sau da yawa daban yake da bincikensa. Sa sunansa a Google Scholar, shafin intanet na neman rubuce-rubucen bincike, ka duba abin da ya wallafa cikin shekaru 5 da suka wuce. Lura da waɗanda suke rubutu tare: in ka ga ƴan AGRHYMET (cibiyar nazarin yanayi, ruwa da noma) ko ICRISAT ta Sadore (cibiyar binciken amfanin gona), aikinsa na wajen yanayi, ruwa ko irin shuka ne. Ma'adinai kuwa, ka leƙa EMIG, makarantar koyon ilimin ma'adinai da masana'antu ta Yamai.

Sannan je laburaren sashen, ka buɗe memuwar uku da ya duba, ka karanta babin hanyar bincike.

Inda ɗalibai ke faɗuwa shi ne zaɓen batun da ba su da bayanansa. In tattalin arziki ne, tabbatar alƙalumman INS, hukumar ƙididdiga ta ƙasa, na hannunka tukuna. In kimiyya ce, tambayi ko na'urar awon tana aiki, kuma wa zai biya kuɗin sinadarai. Ka je wa malamin da shafi ɗaya: tambayar binciken, bayanan da kake da su, da watannin da aikin zai ci.