Yadda ake tantance nauyin aiki a lokacin bazara

Tambaya: Ni ne mai kula da ma'aikata a wani wajen gini a Sakkwato. An umarce mu da mu tsara hutun bazara gwargwadon nauyin aikin kowa. Shin sunan sana'a zan bi, wato birkila daban, lebura daban, ko akwai wani ma'auni?

Amsa: Malam, kada ka bi sunan sana'a, domin birkilan da ya yi filasta a inuwa da safe yana iya komawa jera bulo da azahar, kuma ayyukan nan biyu ba su cikin aji ɗaya. Abin da ake dubawa shi ne zafin da jiki yake haifarwa da kansa, tunda mafi yawan ƙarfin da tsoka take ƙonawa zafi yake zama, sannan ya haɗu da na rana.

Ƙa'idar duniya mai lamba ISO 8996 ta kasa aiki gida biyar, tana auna shi da wat, wato ma'aunin ƙarfin da jiki yake ƙonawa, ga mutum mai nauyin kilo 70. Maigadin da yake zaune yana kan wat 115. Aiki mai sauƙi, kamar tuƙin mota a hanya mai kyau, wat 180 ne, filasta da buga ƙusa kuma matsakaici ne, wat 300. Jera bulo, haƙa da diga, ɗibar yashi da shebur da tura baro cike da kankare duk suna ajin mai nauyi, wat 415. Ranar zuba dekin kuwa, leburan da yake hawa tsani da kwanon kankare a ka, cikin sauri, ya shiga aji na ƙarshe, wat 520.

Inda aka fi yin kuskure shi ne lissafin lokaci. Ba a ɗaukar yinin gaba ɗaya a raba, ana ɗaukar awar da aiki da zafi suka fi tsananta ne. Idan lebura ya yi minti 40 yana tura baro, sannan ya zauna a inuwa minti 20, sai a ninka 415 sau 40, a ninka 115 sau 20, a haɗa su, a raba da 60, abin da zai ba da wat 315. Hutun nan kaɗai ya sauko da shi kusa da matsakaici, da sharaɗin cewa zama ya yi na gaske, ba aikensa aka yi ɗebo ruwa ba, kamar yadda aka saba yi wa ƙananan leburori.

Daga nan sai a gwada ajin da ma'aunin WBGT, wanda yake haɗa zafin iska da laima da ƙunar rana, don haka lambarsa ba ɗaya take da wadda ake ji a rahoton yanayi ba. A ƙa'idar ISO 7243, iyakar wanda jikinsa ya saba da aiki cikin zafi ita ce digiri 30 ga aiki mai sauƙi, 28 ga matsakaici, 26 ga mai nauyi, 25 ga na ƙarshe. Ga wanda bai saba ba, iyakar aiki mai nauyi tana sauka zuwa 23, saboda haka sabon leburan da ka ɗauka yau, ko wanda ya dawo daga jinya, kada ya fara da cikakken yini. Jiki yakan ɗauki mako ɗaya zuwa biyu kafin ya saba.

A ganina, duk aikin da ya faɗa tsakanin aji biyu, ka sanya shi a na sama, musamman a watan Mayu idan laima ta shigo kafin saukar damina, lokacin da gumi ba ya saurin bushewa.