Wa Ke Yanke Hukunci Kan Lafazin Turanci?

Tambaya: Malam, ni malamar Turanci ce a makarantar sakandare. Ɗalibaina suna jin ana furta kalmar schedule iri biyu a kafofin yaɗa labarai, sai su tambaye ni wanne ne daidai. Shin akwai masanan da ke da hurumin yanke hukunci kan lafazin Turanci?

Amsa: Malama, Allah ya ƙara basira. Masanan suna nan, amma ba su da wannan hurumi, domin Turanci bai taɓa samun hukuma irin wadda Faransa ta kafa wa harshenta a 1635 ba. Aikinsu shi ne su saurari yadda mutane ke magana, su rubuta shi da alamomin sauti, kuma aiki ne mai muhimmanci, tunda baƙaƙen Turanci 26 ne kawai alhali sautukansa sun kai kimanin 44, har ta kai rubutu ba ya nuna wa mai koyo bambancin furucin though da tough.

Wanda ya fi kowa tasiri a wannan fage shi ne Daniel Jones, malamin jami'a a Landan, wanda ya fitar da ƙamus ɗin furuci a 1917. Lafazin da ya bayyana na 'yan boko ne na kudancin Ingila, musamman waɗanda suka fito daga makarantun kwana masu tsada, lafazin da daga baya aka san shi da RP, wato Received Pronunciation. Jones bayani ya yi, amma makarantu suka mayar da bayanin doka. A 1926 BBC ta kafa kwamitin ba masu gabatar da shirye-shiryenta shawara, ƙarƙashin jagorancin marubucin waƙoƙi Robert Bridges, kwamitin da ya daina aiki a 1939; sashen furucinta na yau ya fi mayar da hankali ga sunayen mutane da garuruwa. Shi kuwa John Wells, wani masanin furuci a Landan, da zai haɗa nasa ƙamus na 1990, sai ya tambayi masu harshen lafazin da suka fi so a kalmomin da ake saɓani a kansu, kuma a ganina wannan ne ya fi dacewa da masani.

Game da schedule, duka biyun daidai ne: farawa da "sh" al'adar Birtaniya ce, farawa da "sk" kuma ta Amurka, wadda matasan Birtaniya da yawa suka ɗauka.

Shawarata ita ce ki koyar da lafazin Birtaniya, tunda shi jarrabawar WAEC ta fi jingina da shi, amma ki fi ba da ƙarfi inda kuskure ke sauya ma'ana. Ɗalibi Bahaushe yakan haɗa pan da fan, domin Hausa ba ta raba waɗannan sautuka biyu, sai ki nuna masa cewa leɓɓa biyu ke haɗuwa a na farko, a na biyu kuma haƙoran sama ne ke taɓa leɓen ƙasa, ki sa shi ya maimaita yana kallon bakinki har kunnensa ya soma rarrabe su.