Hukuncin Ɓoye Asarar Kamfani ga Masu Hannun Jari

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina aiki a sashen hulɗa da masu zuba jari na wani kamfani da ake cinikin hannun jarinsa a kasuwar hannayen jari ta Legas. Kamfanin ya tafka babbar asara, shugabana kuma ya umarce ni in rubuta sanarwar da za ta kambama ribar wani reshe, ta yi shiru a kan asarar. Ni ma ina da hannun jari a ciki, ina so in sayar kafin labari ya fita. Mene ne hukuncin waɗannan?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗan'uwa, duka biyun ba su halatta ba.

Mai hannun jari abokin tarayya ne a dukiyar kamfani, daraktoci da ma'aikata kuwa wakilansa ne da aka damƙa wa amana. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1992, ta halatta cinikin hannun jarin kamfanin da sana'arsa halal ce, saboda haka duk sharuɗɗan ciniki sun hau kansa. Mai saye ba ya iya shiga ma'ajin kamfani ya ƙirga kaya; rahotonku shi ne idonsa. Muslim ya ruwaito cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sa hannu cikin tsibin abinci ya ji danshi a ƙasa, ya tambayi mai shi me ya hana shi sa jiƙaƙƙen a sama mutane su gani, sannan ya ce wanda ya yi algus ba ya tare da shi. Mai abincin bai furta ƙarya ba, jera kayan kawai ya yi yadda aibin zai ɓuya, kuma abin da aka umarce ka ke nan. Ko da kowace lamba a sanarwar gaskiya ce, malamanmu na Malikiyya sun haramta ɓoye aibin da mai saye zai fasa ko ya rage farashi in ya san shi. Cutarwar kuma ba ƙarama ba ce: da aka gano a 2006 cewa an kumbura lissafin Cadbury Najeriya da biliyoyin naira, masu hannun jari ne suka kwana ciki.

Sayar da naka kafin sanarwa kuwa ya yi kama da tarbar fatake a hanya a saye kayansu kafin su iso kasuwa, wadda aka hana a hadisin Buhari da Muslim, domin illar ɗaya ce: cin ribar jahilcin wanda bai san halin kasuwa ba. Naka ma ya fi muni, tunda labarin amana ne a hannunka. Dokar zuba jari ta Najeriya ta 2025 da ƙa'idojin hukumar SEC mai kula da kasuwar hannayen jari sun hana wannan, bin su kuma wajibi ne don suna kare dukiyar jama'a.

Ba a ce dole kamfani ya tona kowane sirri ba. Yana iya riƙe dabarun sana'arsa ko cinikin da bai kammala ba, muddin na ciki ba su saya ko sayarwa a kansa, ba a kuma raɗa wa manyan masu jari a bar ƙanana.

Ka yi wa shugabanka nasiha a rubuce, ka kawo masa sanarwar da ta bayyana riba da asara tare. In ya ƙi, ka kai maganar ga sakataren kamfani ko kwamitin binciken kuɗi, kada ka sa hannu. Hannun jarinka kuma ka bari sai labarin ya isa ga kowa.

Wallahu a'alam.