Sati uku bai isa a yanke wa wannan magani hukunci ba

Yarona, jiya bayan matar nan ta fita ka ce mini: "Maigida, sati uku ke nan tana shan azatiyofirin, amma har yanzu tana ganin jini a bayan gida. Ko dai maganin bai karɓe ta ba ne?" Mutane sun cika gaban kanta, shi ya sa na ce ka bari sai mun natsu.

Ka tuhumi wanda ba shi da laifi. Ciwonta gyambon babban hanji ne: garkuwar jikinta ce ke far wa bangon hanjin, ya kumbura, ya riƙa zubar da jini da majina. Shi kuwa azatiyofirin, wanda ka fi gani da sunan Imuran a jikin kwali, mai nauyin ƙafa ne. Sai jiki ya juya shi zuwa wani sinadari, sinadarin ya taru kaɗan-kaɗan cikin fararen ƙwayoyin jini, sannan ya rage musu hayayyafa. Wannan taruwa ita ke cin lokaci. A yawancin mutane sai an yi wata 2 zuwa 3, wasu ma har wata 4 ko fiye.

Da ka duba takardarta da kyau, da ka ga likita ya haɗa mata da furednisolon, miligiram 40 a rana, ana rage 5 duk mako har ya ƙare wajen sati 8. Shi ne mai saurin, aikinsa ya kashe gobarar kafin ɗan'uwan ya iso. Ba a zama da shi, domin yana cin ƙashi, yana tayar da suga da hawan jini, ga kumburin fuska. To, a nan ne hankalina ya tsaya jiya. Furednisolon ya kamata ya nuna aikinsa cikin sati biyu. Tunda ta kai uku jini bai tsaya ba, na ce ta koma wurin likitanta a wannan makon, kada ta jira ranar da aka rubuta mata, kuma kada ta ajiye ko ɗaya daga cikin biyun da kanta.

Magungunan wannan ciwo da ake sawa ta ƙarin ruwa kuma kowa da tafiyarsa. Infiliksimab ana sa shi ranar farko, sai sati na 2, sai na 6, daga nan duk bayan sati 8, kuma da yawa suna jin sauƙi kafin a sa na ukun. Bedolizumab, mai aiki a hanji kawai, ya fi jan jiki, akan ba shi sati 10 zuwa 14 kafin a ce bai yi ba. Wanda ciwon ya kwantar a asibiti lissafinsa na kwanaki ne: idan allurar sitiroyid, wato dangin furednisolon, ba ta yi ba a rana ta uku, likitoci kan canja hanya.

Ni ma na taɓa yin sakaci a farkon aikina. Na miƙa wa wani dattijo azatiyofirin ban faɗa masa lokacin da yake ɗauka kafin ya yi aiki ba. A sati na biyar ya dawo, ya ajiye kwalin a gabana, rabin ƙwayoyin na ciki, ya ce na ba shi alli. Ashe ya kwana goma da daina sha.

Amma jira ba ya nufin naɗe hannu. A watannin farko ana yawan gwada jini don duba fararen ƙwayoyi da hanta, daga baya ya koma duk wata uku. Zazzaɓi, ciwon maƙogwaro, ido ya yi ɗorawa, ko ciwo mai tsanani a saman ciki haɗe da amai, waɗannan ba na haƙuri ba ne, na asibiti ne a ranar. Ka tambayi kowa ko yana shan alofurinol, maganin ciwon gaɓoɓi da ake kira gawut, domin yana sa azatiyofirin ya taru fiye da kima har ya durƙusar da ɓargo. Idan kuma matar nan ta nemi ibuforofen ko dikulofenak don ciwon jiki, ka kira ni.

Gobe idan ta aiko karɓar sauran, ka rubuta ranar da ta fara sha a jikin kwalin, da ranar gwajin jininta na gaba.