Tambaya Da Amsa: Awa Nawa Jirgi Zai Yi?

Wani ya rubuto: "Tikitina ya nuna za mu tashi Landan ƙarfe 10 na safe mu sauka New York ƙarfe 1 na rana, amma dawowa daga 7 na yamma sai 7 na safe. Zuwa awa 3, dawowa awa 12, cutata suka yi ne?"

Malam ba wanda ya cuce ka, lissafinka ne da sauran gyara. Lokacin da ke kan tikiti agogon garin da kake ne, kuma Landan ta riga New York da awa 5. Tazarar kusan kilomita 5,500 ce, zuwa kamar awa 8, dawowa kamar awa 7, saboda akwai wata iska mai ƙarfi can sama da ke kaɗawa daga yamma zuwa gabas, tana tura jirgin in ya nufi gabas, tana tare shi in ya nufi yamma. Shi ke nan.

Wata baiwar Allah kuma hankalinta ya tashi, wai tana bin jirgin mahaifiyarta da ke kan wannan hanyar a waya sai ta ga ya lanƙwasa ta gefen Kanada maimakon ya miƙe, ko ɓata suka yi? Kwantar da hankalinki 'yar'uwa, Hajiya tana kan hanya daidai. Duniya a dunƙule take, taswira ce a shimfiɗe, wannan lanƙwasar da kika gani ita ce gajeriyar hanya. Allah ya sauke ta lafiya.

Sai wanda zai tashi daga Alƙahira zuwa Landan, yana tambaya ko ya ɗauki na kai tsaye, kusan awa 5, ko wanda wani ejan ya haɗa masa mai araha da zai yada zango a Istanbul na awa ɗaya, tikiti biyu daban-daban.

To nan ne zan daɗe. Mutane kuna kallon kuɗi kawai ba kwa kallon agogo, wallahi abin yana damuna. Awa ɗaya a babban fili irin na Istanbul kafin ka sauka ka yi tafiyar ƙafa ka nemo ƙofarka ai ta ƙare, kuma tunda tikiti biyu ne mai yiwuwa sai ka karɓi kayanka ka sake awo, wanda ke nufin sai ka shiga ƙasar, nan kuma maganar biza ta taso. In jirgin farko ya makara da minti 40 kacal, na biyu ya tafi abinsa, kamfanin kuwa babu ruwansa da kai domin ba shi ya haɗa maka tafiyar ba, sai ka sayi sabon tikiti a tsaye da tsada. Da a tikiti ɗaya ne, su za su nema maka jirgi na gaba. Araha ba ta ado ɗan'uwa.

Kuma shi wannan ejan, ka san shi? Akwai masu riƙe kujera ba tare da sun biya ba su turo maka takarda kyakkyawa, bayan kwana biyu ta soke kanta. Kafin ka tura ko sisi ka karɓi lambar bukin ɗin, wato lambar riƙe kujerar, ka shiga shafin kamfanin jirgin da kanka ka ga sunanka, bayan ka biya kuma ka koma ka tabbatar lambar tikiti ta fito.

Ɗauki na kai tsaye. In kuwa dole sai ka yada zango, ya zama tikiti ɗaya, da tazarar awa 3 aƙalla.